SHARHI: Masu guje wa alkama a Illela: Cikin ne ke da matsala, ko burodin?

Kumburin ciki ba ya cikin cututtukan da gwamnati ke kiran taron manema labarai a kansu. Amma a gari irin Illela, inda direba da ɗan dako da ɗan canji ke karya kumallo a teburin mai shayi, su ci taliya da rana, koken ya zama ruwan dare. Maganin da ke yawo a WhatsApp da TikTok kuwa guda ne: a rabu da alkama. Wasu sun bi, sun kuma ce sun samu sauƙi. Sai dai samun sauƙi daban, gano cuta daban, kuma a tsakanin biyun ne talaka ke yi wa kansa hukunci cikin duhu.

Shawarar tana da tushe. Akwai cutar siliyak, wadda garkuwar jikin mutum ke far wa ƙaramin hanjinsa duk lokacin da ya ci gulutin, wato sinadarin da ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Tana kama kusan mutum ɗaya cikin 100 a duniya, tana jawo zawo, rama, ƙarancin jini da tsumburewar yara. An daɗe ana ɗaukarta cutar Turawa, har zuwa 1999 da wani bincike a mujallar Lancet ya gano ta a jikin kashi 5.6 cikin 100 na yaran Sahrawi da aka gwada a sansanonin gudun hijira na Aljeriya, al'ummar da fulawar agaji ta zame wa abincin yau da kullum.

Tabbatar da ita kuwa sai da gwajin jini na musamman, sannan a zura na'ura ta baki a ɗebo ɗan ɓangaren hanji. Wannan aiki ne na manyan asibitoci, ga Illela kuma tana da nisan fiye da kilomita 80 daga birnin Sokoto. Abin da masu wa'azin barin alkama ba sa faɗa shi ne, gwajin ba ya nuna gaskiya sai mutum yana kan cin alkamar. Wanda ya bar ta watanni kafin ya ga likita ya share sawun ɓarawo da hannunsa.

Akasarin masu kumburin ciki ma ba siliyak ke damunsu ba. A 2018 masu bincike a Oslo, babban birnin Nowe, tare da takwarorinsu na Jami'ar Monash ta Ostareliya, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 59 da suka haƙiƙance gulutin ne ke cutar da su. An riƙa ba su abinci iri uku ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Gulutin bai dame su fiye da abincin da ba a sa wa komai ba. Abin da ya fi kumbura su shi ne furuktan, wani nau'in sukari da hanjin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, sai ƙwayoyin halittar babban hanji su ruɓar da shi, iska ta taru.

A nan ne labarin ya iso gida. Alkama na ɗauke da furuktan, amma albasa da tafarnuwa ma maƙare suke da shi, kuma Illela na zaune ne a tsakiyar ƙasar albasa: ga ta fadamun Sokoto, ga ta Galmi da ke tsallaken iyaka gaba da Birnin Konni. Wake na da nasa sukarin mai irin wannan aiki. Sannan ga madarar da ake zubawa a shayi, wadda cikin manya da dama a Afirka ta Yamma ba ya narkar da sukarinta, in ban da Fulani makiyaya da yawancinsu suka gaji wannan baiwa. Wanda ya daina zama a teburin mai shayi bai bar burodi kaɗai ba. Ya bar madara, ya bar ƙwai mai cike da albasa. Idan ciki ya lafa, sai a ɗora wa alkama laifin duka. Ba a ma zo kan tsutsar ciki, gurɓataccen ruwa da ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki ba.

Akwai kuma tambayar da ta fi dacewa a yi wa hukuma: me ke cikin burodin? Tun farkon shekarun 2000, zamanin Dora Akunyili, NAFDAC ta haramta sa sinadarin buromet da ke ƙara wa burodi girma, wanda cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cikin abubuwan da ka iya jawo cutar. Fiye da shekara 20 bayan haka, hukumar na ci gaba da gargaɗin masu gidajen burodi a kansa. A Agustan 2024 wata jami'arta ta ce burodi na faɗuwa a gwaji saboda ana sa sakarin a madadin sukari da ya yi tsada, har sai da shugabar hukumar, Mojisola Adeyeye, ta fito ta ce ba su hana kowa cin burodi ba. Haɗarin buromet ba kumburi ba ne, ƙoda yake taɓawa a hankali. Ke nan mai saye na fargabar abin da yake ji, alhali abin da ba ya ji ya fi muni, ga burodi da yawa na zuwa cikin leda ba suna ba lamba.

Alkama dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Alkaki, funkaso da gurasa shaida ne. Abin da ya canza shi ne yawanta da kuma inda take fitowa. Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2021 ta nuna Najeriya ta noma tan 36,943 kacal, yayin da take shigo da miliyoyin tan duk shekara. Tun 1985 Gunilla Andrae da Björn Beckman suka kira wannan hali tarkon alkama a littafinsu. Babangida ya haramta shigo da ita a 1987, haramcin bai yi ƙarko ba. Obasanjo da Jonathan sun gwada burodin rogo, shi ma ya bi ruwa. Bayan yaƙin Yukiren na 2022 da faɗuwar Naira daga Yunin 2023, tsadar fulawa ta ƙara wa mai gidan burodi dalilin yin algus.

A ce wa mutumin Illela ya koma ga gero da dawa magana ce mai daɗi, tunda babu gulutin a cikinsu, haka shinkafa, masara da acca. Amma geron ma ba a tsira yake ba. An rufe iyakar a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Aka sake garƙame ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. A Oktoban wannan shekarar kuma gwamnatin sojan Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina ban da Mali da Burkina Faso. A gefenmu, 'yan bindiga sun raba manoma da gonaki a Sabon Birni, Isa da Goronyo, ita ma Illela an ambace ta cikin ƙananan hukumomin da Lakurawa suka kutsa. Ko ɗanwake, da a da garin wake da na rogo ne, yanzu masu sayarwa da yawa da fulawa suke kwaɓa shi.

Ga wanda kumburi ya addaba, tsarin da likitoci ke bi ya fi na bidiyon TikTok araha: a fara zuwa asibiti kafin a bar komai, a duba tsutsa da gyambon ciki, sannan a riƙa cire abinci ɗaya bayan ɗaya na 'yan makonni, a maido da shi a ga abin da zai faru. Idan akwai rama, jini a bayan gida, amai ba ƙaƙƙautawa ko yaro ya daina girma, batun ya wuce sauya abinci. Ita kuma NAFDAC, abu mafi sauƙi da 'yan majalisar yankin za su iya nema daga gare ta shi ne ta wallafa sakamakon gwajin burodi na kowace ƙaramar hukuma a Jihar Sokoto, da sunan gidan burodin da ranar da aka ɗauki samfurin.