Wane Suna Za Mu Ba Babbar Dabbar Teku?

Ran nan muna gwajin koyarwa, sai ɗayanmu ya nuna wa yara hoton dabbar nan da mutanen Ingila ke kira wel, ya ce, "Ga babban kifin duniya." Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe ƙwansa zai kai tulu?" Aka fashe da dariya. Amma laifin namu ne, don yaro bai san kifin da ba ya ƙwai ba.

To, jama'a, wannan halitta ba kifi ba ce. Da huhu ta ke numfashi, ta ƙofar hancin da ke bisa kanta, in kuwa ba ta taso ta shaƙi iska ba, mutuwa za ta yi. Haihuwa ta ke yi, ta kuma shayar da ɗanta nono. Tun 1758 masanin nan Linnaeus ya sa ta cikin dabbobi masu shayarwa. Duk da haka a 1818 aka yi shari'a a birnin New York a kan kuɗin duba man kifi, masu yanke hukunci suka ce ai kifi ce. Kun ga kuskuren suna ba ya saurin mutuwa.

Wani zai ce, mene ne a cikin suna? Da akwai abu ƙwarai. Kifi yana zuba ƙwai dubbai, amma mafi girma cikin dabbobin nan, wadda tsawonta kan kai mita 30, ɗa guda ta ke haifa bayan shekara 2 ko 3. Wanda ya farauce ta kamar mai su, ƙarar da ita zai yi. Haka kuwa aka yi. Mafarautan da suna binta cikin ƙananan jirage saboda kitsenta, wanda a ke narkarwa a sami man fitila. A 1870 Svend Foyn, mutumin Norwe, ya yi rajistar bindigar da ke harba mashi mai fashewa. Daga 1900 zuwa 1999 an kashe kusan miliyan 3. An kafa hukumar duniya ta lura da farautar a 1946, amma sai a 1986 hanin farautar ciniki ya fara aiki. A 2019 Japan ta fita daga hukumar, ta koma farauta a ruwanta.

Ra'ayinmu shi ne mu yi koyi da kakanninmu. Sun ga ayu cikin kogi, sun ga dorina, ba su kira ko ɗaya kifi ba. Giwan ruwa da ya dace, to amma an riga an ba wani kifi sunan. Mu dai mun zaɓi dorinar teku, gama masana sun tabbatar dorina ce 'yar'uwarta mafi kusa cikin dabbobin da ke raye. Sauran kalmomin kuwa muna da su a gida. Mashin nan mai igiya, ai zago ne, irin na Sarkawa. Kaurin jikinta kitse ne. Abin da waɗansunsu ke tace abinci da shi a baki maimakon haƙora, mu ce matata. Turaren da ke fitowa daga cikin wani irinsu mai haƙora kuwa, Larabawa sun daɗe da kiransa ambar.

Mun san za a ce wannan ba dorina ba ce. Gaskiya ne, amma yaron da ya ji dorinar teku zai zaci numfashi da haihuwa da nono, kuma duk zai dace. Wanda ya ke da sunan da ya fi wannan, ya rubuto mu gani. Gobe mu ne a gaban allo, abin da muka faɗa kuwa shi yara za su kai gida. Allah ya sa mu faɗi daidai, amin.