SHARHI: Ƙarancin fetur da makomar tseren motoci a Jos

Duk lokacin da layukan mai suka dawo, ana maganar kuɗin mota da farashin abinci da janareton asibiti, kuma haka ya kamata. Akwai kuma wani fanni da ba a cika ambata ba, alhali shi ne yake fara durƙushewa: wasannin motoci, musamman tseren gajeren zango, inda motoci biyu kan jeru su fizga a miƙaƙƙen fili na kimanin mita 400. Wanda ya dubi abin da ƙarancin mai yake yi wa wannan wasa zai fahimci yadda fetur yake isa Jos, da dalilin da ya sa yake yawan yankewa.

A Amurka wannan tsere sana'a ce, ƙarƙashin hukumar NHRA da aka kafa a 1951. Manyan motocinsa, Top Fuel, ba fetur suke sha ba. Suna ƙona sinadarin naitiromitan ne, kashi 90 cikin 100, gauraye da mitanol, kuma cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu sukan wuce gudun kilomita 500 a awa. Masana'antun da ke sarrafa sinadarin ƙalilan ne, shi ya sa a 2008, da Sin ta tsaurara dokoki a kan sinadarai gabanin gasar Olamfik ta Beijing, ya yi ƙaranci, farashinsa ya tashi, ƙungiyoyi suka rage gwajin motocinsu. Kafin nan, takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973 ya sa an rage tseren Daytona na 1974 daga mil 500 zuwa 450, an kuma soke gasar awa 12 ta Sebring ɗungurungum. Ƙasa mai arziki kamar Amurka ma, da tuwo ya yi kaɗan, 'yan wasa aka fara ɗauke wa kwano.

Najeriya ba ta da gasar ƙwararru irin ta NHRA. Abin da ake da shi taruka ne jefi-jefi, irin su Fanfaro Autofest a Ibadan, da tseren Jihar Ondo, da jerin gwanon motocin da kan raka bikin kamun kifi na Argungu. A biranen Arewa kuwa, matasa ne ke wasan mota da babur a lokutan biki da Sallah, galibi a kan titin jama'a, ba shinge, ba motar asibiti. Duk wanda ke mafarkin mayar da wannan sha'awa sana'a a Jos, da abin da ake sayarwa a gidan mai zai fara, kuma a nan gizo ke saƙar.

Jos tana da defo na kamfanin NNPC, wanda aka gina domin karɓar mai ta bututu daga matatar Kaduna, ya miƙa shi gaba zuwa Gombe da Maiduguri. Matatar ta shafe shekaru ba ta tace mai, bututun kuma ya sha fashi da rashin kulawa. Saboda haka litar da direba ya sha a Terminus ko Bukuru, a bayan tanka ta zo, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga gaɓar teku, ta ratso Akwanga, ta haura Hawan Kibo, inda manyan motoci suka saba ƙwacewa. Yajin aikin direbobin tanka, ko karyewar gada, ko rikicin biyan kuɗin dako, kowannensu ya isa ya busar da famfunan garin cikin 'yan kwanaki. An ga alamar haka a Satumban 2025, lokacin da NUPENG, daga baya PENGASSAN, suka shiga takun-saƙa da matatar Dangote.

A da, Asusun Daidaita Farashin Mai, wato PEF, shi ke biyan dillalai kuɗin dako domin lita ta zama kuɗi ɗaya a Legas da Jos. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta narkar da asusun cikin hukumar NMDPRA, sannan jawabin Shugaba Bola Tinubu na ranar 29 ga Mayu, 2023 ya kawo ƙarshen tallafin. Lita da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a Oktoban 2024 kuma ta zarce 1,000 a gidajen NNPC na Abuja. Nisa ya zama kuɗi, kuma mutumin Filato ne ke biyansa.

Ga mai tsere, tsada ba ita kaɗai ba ce damuwa. Injin da aka ƙara wa ƙarfi yana bukatar mai mai oktan sama da na famfo, wanda sai an shigo da shi cikin duro da dala, dalar da ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da 1,500 bayan sakin darajar naira a Yunin 2023. Idan ana ƙaranci, gidajen mai kan daina zuba wa jarka, ga shi motar tsere a tirela ake ɗaukarta, ba ta bin layi. Sai a koma wajen 'yan bumburutu, inda algus ya zama ruwan dare. Ko man hukuma ma ya taɓa ba da kunya: a Fabrairun 2022 NNPC ya amsa cewa jirage huɗu sun shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da mitanol fiye da ƙima, injuna suka lalace, layuka suka ɗauki makonni. Abin ban dariya, mitanol ɗin da ya kashe motocin ma'aikata a Abuja shi ne man da wasu motocin tsere ke sha da gangan. Bambancin kawai, nasu injin an ƙera shi ne domin haka.

Tsaunin kansa yana da nasa harajin. Jos tana bisa tsayin kimanin mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Legas kauri ba, don haka injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. Mai gyara zai iya cike giɓin, amma gyaran yana bukatar gwaji, gwaji kuma mai yake sha.

Ba hujja ba ce a ce gwamnati ta ware wa masu tsere kaso na musamman. Malamin makarantar da ke takawa daga Nassarawa Gwong zuwa wurin aiki ya fi su cancanta nesa ba kusa ba. Sai dai jami'an da ke rubuta takardun manufa a Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka farfaɗo da ita a Oktoban 2024, su lura cewa babu mai zuba jari da zai shimfiɗa filin tsere, ya ɗauki makanikai da masu walda, a garin da ba zai iya cewa ga ranar da tanka za ta iso ba. Kuma tsadar mai ba ta kashe sha'awar gudu a zukatan matasa. Tana dai hana ta samun fili mai tsari, sai ta ci gaba da zama a kan titi, inda mai tallar gyaɗa ke tsallakawa.

Matatar Dangote, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, ta kuma sanar da shirin raba shi kai-tsaye da tankoki 4,000 masu amfani da iskar gas. Wannan ya rage dogaro da jiragen waje. Amma matatar tana Lekki ne, kuma muddin bututun Kaduna zuwa Jos yana kwance, kowace tanka daga cikinsu sai ta hau Hawan Kibo.