Faransa: mai jarida ya naɗa shugaba, ƴan jarida sun kama hanya

A Nijar an fi sanin Vincent Bolloré da Canal+ da kuma layin dogon Yamai zuwa Doso. A Faransa kuwa, attajirin ya yi suna ne wajen sayen kafofin labarai yana karkata su zuwa aƙidar masu ra'ayin riƙau.

Abin da ya faru a jaridar Le Journal du Dimanche ya nuna yadda ake yi. A watan Yunin 2023, daidai lokacin da kamfaninsa Vivendi ke karɓe Lagardère mai jaridar, aka naɗa Geoffroy Lejeune shugaban sashen labarai. Lejeune ya mara wa Éric Zemmour baya a zaɓen 2022, kuma daga Valeurs actuelles ya fito, mujallar da ta zana ƴar majalisa Danièle Obono a matsayin baiwa da sarƙa a wuya, har kotu ta hukunta ta. Ma'aikata suka shiga yajin aiki na kwana 40, Lahadi shida jarida ba ta fito ba. Arnaud Lagardère ya ce lissafin kasuwa ne ya sa aka zaɓe shi, ba aƙida ba. Da wuya a gaskata haka, ganin cewa tashar iTélé ta bi wannan hanya a 2016: yajin kwana 31, ƴan jarida da dama suka tafi, tashar ta koma CNews.

Ba sai mai gida ya goge layi ko ɗaya da hannunsa ba. Wanda ya naɗa shi ne zai zaɓi labarin shafin farko, da wanda za a tura neman labari, da wanda za a bari yana zaman kashe wando. Dokar Faransa ta 1935 ta ba ɗan jarida damar ajiye aiki da kuɗin sallama idan jarida ta sauya hannu ko manufa, amma ba ta ba shi ikon ƙin sabon shugaba ba. Wannan ikon sai a gidaje ƙalilan irin su Le Monde, inda dole darakta ya samu kashi 60 cikin 100 na ƙuri'un ƴan jarida.

Ranar 1 ga Agusta aka janye yajin, Lejeune ya kama aiki, akasarin tsofaffin ma'aikata suka karɓi sallama. Fitowar farko a ƙarƙashinsa ta zo da hoton da ba na labarin ba a shafin farko.