Gwajin Suga Na Wata Uku Da Jinin Ma'aikacin Minna

Akwai wata dabara da masu ciwon suga da yawa suka ƙware a kanta. Idan ranar ganin likita ta matso, sai mutum ya ƙaurace wa shayi mai zaƙi da lemon kwalba, ya rage tuwo na kwana biyu, domin na'urar da ake ɗiga wa jinin yatsa ta nuna adadi mai kwantar da hankali. Ma'aikacin hedikwatar NECO ko na sakatariyar tarayya a Minna, wanda yake yini a kan kujera, ba baƙon wannan dabara ba ne. Na'urar kuwa ba ta faɗar komai sai halin da jini yake ciki a wannan sa'ar. Shi ya sa likitoci suke ƙara karkata ga gwajin HbA1c, wanda azumin kwana biyu ba ya iya ruɗarsa.

Sirrin gwajin yana cikin jajayen ƙwayoyin jini. Kowace ƙwaya tana rayuwa kimanin kwana 120, tana ɗauke da sinadarin himogulobin mai kai iskar shaƙa ga sassan jiki. Suga na shiga cikinta ba tare da neman taimakon insulin ba, don haka idan ya yi yawa a jini, a cikin ƙwayar ma ya yi yawa. A hankali sai ya manne wa himogulobin, kuma ba ya sakinsa har ƙwayar ta mutu. Auna yawan himogulobin da suga ya manne wa tamkar buɗe rajistar wata biyu zuwa uku ne na rayuwar mutum.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Masu bincike da suka jiƙa jajayen ƙwayoyi cikin ruwa mai yawan suga a ɗakin gwaje-gwaje, da waɗanda suka duba jinin masu ciwon, sun ga fatar ƙwayar tana ƙara tauri, ƙwayoyin kuma suna yawan manne wa juna da bangon jijiya. Lafiyayyar ƙwaya sai ta lanƙwashe kafin ta ratsa ƙananan hanyoyin jinin da suka fi ta ƙunci. Wadda ta yi tauri da ƙyar take wucewa. Wannan na cikin abubuwan da masana suke alaƙantawa da lalacewar ido da ƙoda da ƙafa a ciwon suga.

Wani likita ɗan ƙasar Iran, Samuel Rahbar, shi ne ya lura da wannan nau'in himogulobin a jinin masu ciwon suga a 1968. A 1993 wani babban bincike a Amurka da Kanada ya tabbatar da cewa rage HbA1c na rage cutuwar ido da ƙoda da jijiyoyi. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da kashi 6.5 cikin 100 a matsayin iyakar tabbatar da ciwon, amma ta gindaya sharaɗi: kada mutum ya kasance yana da wata lalura da za ta gurɓata sakamakon.

Wannan sharaɗin shi ne bai kamata Minna ta yi wasa da shi ba. Lissafin gwajin ya dogara ne a kan cewa ƙwayar jini za ta cika kwanakinta. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da rukunin jini na AS. Mai cutar sikila kuwa, ƙwayoyinsa kan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, tun suga bai gama manne musu ba, don haka gwajin ba abin dogaro ba ne a kansa. Ko a kan mai AS, akwai na'urorin da himogulobin ɗinsa yake rikitawa, kuma wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2017 ya gano cewa baƙaƙen fatar Amurka masu AS suna nuna HbA1c ƙasa da na takwarorinsu, alhali sugan jininsu ɗaya ne. Zazzaɓin cizon sauro, wanda damina ba ta wucewa a Jihar Neja sai ya kwantar da jama'a, shi ma yana farfasa jajayen ƙwayoyi, sakamakon ya sauka. Ƙarin jini na iya yin haka. Ƙarancin sinadarin ƙarfe, da ya yawaita ga mata, yana ɗaga adadin fiye da gaskiya.

Kowane ɓangare da hatsarinsa. Wanda aka ce masa lafiya lau alhali suga na cinsa zai koma ofis da kwanciyar hankali, sai bayan shekaru ya tashi da gyambon ƙafa ko kuɗin wankin ƙoda da albashi ba ya iya ɗauka. Wadda aka ɗora wa ciwon da ba ta da shi za ta shiga shan magani da fargaba a banza.

Wasu za su ce tun da haka ne a bar gwajin, a ci gaba da na yatsa mai araha. Wannan gudun ruwa ne a faɗa rijiya. HbA1c ba ya bukatar azumi, kuma shi ne yake tona asirin mai dabarar kwana biyu. Abin da ya dace shi ne a san jinin da ake aunawa. Bai kamata ɗakin gwaji a Babban Asibitin Minna, ko Asibitin Ƙwararru na IBB, ko wani asibitin kuɗi, ya miƙa sakamakon HbA1c ba tare da an tambayi rukunin jinin mutum, da ko ya yi zazzaɓi ko ƙarin jini kwanan nan ba. Inda aka yi shakka, akwai gwajin azumi, da na awa biyu bayan shan giram 75 na gulukos, da na furuktosamin mai duba mako biyu zuwa uku.

Sai batun bincike. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana da masana kimiyyar sinadaran jiki, ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida mai tara marasa lafiya daga sassan jihar. Idan suka haɗa hannu, asusun TETFund ya tallafa, za a iya kwatanta HbA1c da sugan jini na haƙiƙa a tsakanin masu AA da AS, rani da damina. Aiki ne da bai fi ƙarfin jami'a ba, kuma amsarsa za ta amfani duk ƙasar da sauro da sikila suka yi wa katutu.

Yawancin masu tsara manufofin lafiya ma'aikatan tarayya ne da hadiman manya, kuma su ma jinin nan ne a jikinsu. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa. Ya kamata hukumar ta tabbatar cewa duk mai inshorar da likita ya rubuta wa HbA1c, an haɗa masa da gwajin rukunin jini idan bai san nasa ba. Kafin a kai ga haka, ma'aikacin da zai je gwaji ya riƙe takardar rukunin jininsa, ya kuma faɗa wa likita ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi na ƙarshe.