Karatun Aku Ya Ishe Mu

'Yan'uwa ɗalibai, mu da muka ratso firamare da sakandare har Allah ya kawo mu jami'a, mun san abin da ake ciki ko da kunya ta hana mu faɗa. Malami ya cika allo da Turanci, ya waiwayo ya tambaya ko an gane, aji ya amsa baki ɗaya, alhali kuwa an yi gudun bulala ne kurum. Yaron da ke riƙe wa uwarsa cinikin ƙosai ba ya ɓatar da ko kwabo, shi ne ake kira daƙiƙi a darasin lissafi. Ina daƙiƙancin yake? Tambayar ce bai ji ba!

Ba mu ce a kori Turanci ba, domin da shi muke rubuta jarrabawa, da shi muke neman aiki. Abin da muka ƙi shi ne a ɗora wa yaro kaya biyu a lokaci guda, baƙon harshe da baƙon ilmi, sa'an nan a zage shi in ya durƙushe.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen gida a farkon firamare, aka bar ta a takarda, ba isassun littattafai, ba horon malamai. A 2022 aka mai da abin shekara shida, a Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilmi ya soke shi, wai yara suna faɗuwa jarrabawa. To, yaya za a zargi maganin da majinyaci bai ko sha ba? A Ife, tun daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da yara shekara shida da Yarbanci, Turanci kuwa darasi ne a hannun ƙwararru, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa.

Ai ma ba sai mun je Ife ba. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karanta Larabci gaɓa-gaɓa suna fassarawa da Hausa, almajiri ya tashi da ma'ana da lafazi duka. Haka muke so malamin kimiyya ya yi: ya warware batun da harshen da yaro ke ji, ya nuna abin a zahiri, ya ba shi kalmar Turancin, ya bar shi ya yi tambaya da Hausa. Kwalejojin horon malamai su koyar da wannan dabara, shugabannin makarantu kuma su daina cin yara tara don sun yi harshen iyayensu a aji.