"A kwamfutata yana aiki" ba hujja ba ce

1/ Jama'a, ina da magana da 'yan Kwamfuta Sayans na Dutse. In ka rubuta sikirif na shell ya ƙi tashi a na'urar abokinka, kai za a fara tuhuma. Ni aka yi wa darasin, ba labari na ji ba.

2/ Aikin rukuni aka ba mu, mu huɗu. Ni ina Ubuntu, biyu suna Windows da Git Bash, na huɗun ba shi da laftop ma, Termux yake amfani da shi a waya. Na sa `which python3` don duba ko akwai Python.

3/ A wajensa sikirif ya ce babu. Alhali akwai! Shi `which` ɗin ne babu a wayar, ni kuma na tura saƙon kuskuren /dev/null, ya ɓace. Bawan Allah ya ƙona datarsa yana sake saukar da Python, daren jajibirin miƙa aiki. Har ce masa na yi wayarsa ce matsala. Wallahi har yau ina jin kunya.

4/ `which` ba ya cikin ƙa'idar POSIX, kowane tsari da irin nasa, wani ma babu. `command -v python3` kuwa a cikin shell ɗin yake: dash, bash, zsh duk sun san shi. Ko Debian ta taɓa sa wa `which` gargaɗi a 2021, har aka yi ta rigima.

5/ Masu `[ -x fayil ]` ku ma ku tsaya. Folda ma tana cin wannan gwajin, sai ka haɗa da `-f`. Filashin FAT32 da muke yawo da shi ba ya ajiye wannan izinin sam. A ma'ajiyar Android ta gama-gari kuma ka yi ta `chmod +x` har asuba, a banza.

6/ Za a ce ai aikin aji ne, meye na wahala? To makin mu huɗu ne a ciki, kuma mai wayar ya fi mu ƙarancin hali.

7/ Yanzu ba na tura komai guruf sai ya fara gwadawa a Termux. Ya yafe, amma kuɗin datar yana nan yana bina.