Wa Ya Ce Maka Kotso Kalangu Ne?

Akwai wani kuka da ya zama yayi tsakanin matasanmu masu rubutu a Wikipedia ta Hausa. Wai ƙa'idar kawo madogara takura ce, wai Turawa suka ƙirƙiro ta don su danne ilimin da muka gada da baki. Da zarar an goge wa mutum jimla a kan ganga ko goge, sai ka ji ya ce ai shi ɗan ƙasa ne, a gabansa aka yi kiɗan, wane littafi kuma ake nema? Ni dai ban karɓi wannan kuka ba. Mafi yawansa lalaci ne aka naɗa masa rawanin kishin al'ada.

Zama ɗan ƙasa ba ya mai da mutum masani. Tara samari goma a tashar Funtua, garin da Mamman Shata ya zauna, ka ce su bambance maka kalangu da kotso da taushi. Za ka sha mamaki. Kalangu baki biyu gare shi, ana matsa tsarkiyarsa a hammata ana bugawa da makaɗi. Kotso baki ɗaya ne rufe da fata, da hannu ake kaɗa shi, kuma kiɗan fada ne, shi Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka riƙe. Wanda bai san wannan ba, in ya buɗe shafin Turanci ya tura wa injin fassara, duk abin da ya fito zai manna, kotso ya koma kalangu, goge ya koma kukuma. Gobe ɗalibi a Malumfashi ya kwafe ya kai wa malaminsa, jibi wani shafin labarai ya ɗauka, gata kuma a dawo a kafa hujja da wannan shafin a Wikipediyar da ƙaryar ta fito. Maciji ya haɗiye wutsiyarsa ke nan.

Sai su ce ai babu littattafan. Wa ya ce? Tun 1934 ƙamus ɗin Bargery ya tattara sunayen kayan kiɗanmu. A 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da littafi sukutum a kan kalmomin kiɗan Hausa da muhallin da ake yin kowanne. In kuwa Turawan ne ba ka so, ga Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Makaɗa da Mawaƙan Hausa, ga Shata Ikon Allah! na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa tun 2006. Ga kundayen digiri jibge a sassan Hausa na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, ƙura na cin su. Matsalar ita ce ba a samun su da latsa waya sau biyu, sai an hau mota, an roƙi mai kula da ɗakin karatu, an zauna an karanta. Mai gaggawar tara yawan maƙaloli ba shi da wannan haƙurin.

Ba na musun cewa akwai giɓi na gaske. Ɗauki gangar noma a nan yankinmu na Mahuta, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙafur, wadda ake kaɗa wa manoma ranar gayya. Icen da ake sassaƙa ta da shi, fatar da ta fi amo, taken da ake yi wa gwanin noma, duk a kan tsofaffi suke, ga tarakta da maganin feshi sun rage gayyar kanta. Haka kiɗan ƙwarya na mata, wanda Barmani Choge ta fito da shi daga Funtua har ta rasu a 2013. Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A 2011 Achal Prabhala ya gwada kafa hujja da hirar baka a Wikipediyoyin wasu harsunan Indiya da Afirka ta Kudu, har aka yi fim a kai, amma tsarin bai zama doka ba.

To, maganin giɓi shi ne a cike shi, ba a rushe katangar ba. Wayar da kake gardama da ita tana ɗaukar murya da hoto. Je wurin makaɗin da izininsa, rubuta sunansa da garinsa da ranar hirar, ɗauki hoton gangar ka ɗora a Wikimedia Commons. Sannan ka rubuta abin da ya faɗa ka aika wa mujalla irin wannan ko jarida mai edita, inda wani zai tace, wani kuma ya iya ƙaryata ka. Daga nan ne maganar tsohon ta zama abin da baƙo a Maraɗi ko Kumasi zai iya bin sawunsa. "Kakana ya faɗa mini" kuwa, kowa na da kaka, har wanda ya ce kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya uku gare shi alhali ɗaya ce tal.